Yadda Ake Jefa Rijiya Cikin Teku Daga Kan Kujerar Ofis

"Ni dai tambaya ɗaya na yi maka. Wa ya taɓa mini shafi?"

"Taɓawa kuma? Gyara miki na yi. Mutum ya taimake ki, maimakon godiya sai tuhuma," in ji babban jami'inmu.

"Ina shafin bayanin da na sa a gaba?"

"Wannan mai dogon surutu? Na share. Ai ba ya fitowa a taswira."

Uwar Biyu ta dafe tebur da hannu biyu, ta ɗaga kai ta dubi agogon bango. Saura awa ɗaya baƙi su iso. Ni kuwa ina tsugune bayan firinta da tsummana, ina goge wurin da na riga na goge sau uku, don ba a barin irin wannan magana a tafi wankin kofi.

To kai mai karatu, matso kusa. Shekarata goma sha tara ina shara da dafa shayi a wannan ofis na masu kula da rijiyoyin burtsatse. Karatuna na ajin manya ne, shekara biyu, amma kunnena ya yi digiri. Na ga masu ɓata aiki iri-iri, ban taɓa ganin gwani kamar babban jami'inmu ba, wanda muke kira Na-Sani a bayan idonsa. Shi ya sa na ce bari in rubuta hanyarsa kada ta ɓace. In ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari aikin wata biyar zai rushe a hannunka cikin kwana uku, a kuma ce da kai sannu da ƙoƙari. A gabana aka gwada, ko kuskure babu.

Ga abin da ake rigima a kai. Rijiyoyinmu ɗari huɗu da goma sha biyu ne, warwatse a ƙauyuka. Aka ce a zuba su a wata taswira ta kwamfuta, kowace rijiya ɗigo ɗaya. Ka taɓa ɗigon, sai ya buɗe baki ya gaya maka sunan ƙauyen, da zurfin rijiyar, da ko tana ba da ruwa ko ta mutu. Ita taswirar ba ta da wayon kanta. Akwai wani dogon shafi mai gida-gida kamar saƙar zuma, abin da aka rubuta a ciki shi take ci, shi take amayarwa. Don shirya wannan shafi aka ɗauki Uwar Biyu gwajin wata shida, aka ce mata in taswira ta fito lafiya ranar da masu tallafa mana za su zo gani, takardar aikin dindindin tata ce. Ana saura kwana uku 'yan biyunta suka kwanta da ƙyanda. Ta ce da Na-Sani, "Yaya, don Allah ka duba mini kawai, kada ka canza komai. Ga lambata in wani abu ya shige maka." Ta ɗauki jakarta ta tafi asibiti.

Daga nan karatu ya fara.

Mataki na 1: Ka fara da raina mai aikin

Kada ka kuskura ka buɗe shafin da niyyar fahimta. Ka zauna a kujerarta, ka sauke ta ƙasa daidai tsawonka, ka ture hoton 'ya'yanta gefe. Sannan ka gangara da shafin sama da ƙasa da sauri yadda ko aljani ba zai karanta ba, kana tsaki.

Ka nemi mai shaida. In babu kowa, mai shayi ma ta wadatar.

"Gwaggo, zo ki ga aikin yaran zamani," in ji shi. "Ba launi, ba ado, kamar takardar asibiti."

Na ce, "Allah Sarki." Ka riƙe wannan kalma, ita ce ta riƙe ni shekara goma sha tara a bakin aiki.

Lambar wayar da ta bari kuwa, ka ɗora kofin shayi a kai. Babba ba ya buga wa ƙaramar ma'aikaciya waya ya ce bai gane ba. In ya yi sau ɗaya, gobe sai ta soma gaishe shi a tsaye.

Mataki na 2: Ka share shafin bayani

A gaban babban shafin akwai wani ƙarami da Uwar Biyu ta fi ji da shi. Ta taɓa karanta mini shi ina goge mata taga. A nan ta rubuta wa ya je ƙauyuka ya tattaro labarin, a wane wata, zurfin nan da mita aka auna ko da ƙafa, me kowane layi yake nufi. A nan ta rubuta cewa a layin lafiyar rijiya, ɗaya na nufin tana aiki, biyu tana tari, uku ta mutu. Ta ce mini, "Gwaggo, ko na faɗi na mutu, wanda ya karanta wannan zai ci gaba daga inda na tsaya."

Ka ga illarsa ke nan. Shafin da zai sa kowa ya gane aiki ba abokinka ba ne. Ka karanta layi biyu, ka yi hamma, ka ce, "Wannan ai tatsuniya ce." Ka share. Kwamfuta za ta tambaye ka ko ka tabbata. Ka tabbata mana. Kai da ka tabbata tun kafin a haife ta.

Mataki na 3: Ka maye lamba da launi

Yanzu da babu mai gaya maka ma'anar ɗaya da biyu da uku, kai ne alƙali. Na-Sani ya kishingiɗa, ya yi nazari na minti guda, ya yanke cewa uku ta fi ɗaya, ko yaro ya sani, don haka uku ita ce lafiyayya. Ya shafa wa matattun rijiyoyi kore shar. Ya shafa wa masu ruwa ja. Masu tari ruwan ɗorawa. Da ya zo kan waɗansu da suka ba shi haushi, ban san dalili ba, shi ma bai sani ba, ya ba su ruwan hoda.

Sai ka ja baya ka kalli aikinka. Za ka ga lambobin suna ɓata kwalliya. Ka goge su duka, launi ya wadatar.

Kada wani ya dame ka da cewa taswira makauniya ce, rubutu take ji, ba ta ganin fenti. Wannan matsalar taswira ce, ba taka ba. Kai dai shafinka ya yi kyau, har masinja ya leƙo ya ce kamar shagon atamfa.

Mataki na 4: Ka jera sunaye, su kaɗai

A nan ake gane ƙwararre, don haka ka natsu.

Kowace rijiya tana da layinta a kwance: suna, sai lambobi biyu masu nuna inda take a doron ƙasa, sai zurfi, sai sauran. Duk a jere kamar mutum da kayansa a benci. Uwar Biyu ta bi su yadda aka bi hanya, ƙauye bayan ƙauye. Na-Sani ya ce wannan rashin tarbiyya ne, a ce mai harafin ƙarshe yana sama mai harafin farko yana ƙasa.

Ga yadda za ka yi. Ka kama layin sunaye kaɗai, daga sama har ƙasa. Kada hannunka ya taɓa na kusa da shi. Ka ce wa kwamfuta ta jera su bi da bi. Za ta sake tsoma baki, ta ce ko a haɗa da sauran layukan? Ka ce a'a. Kwamfutar nan ta cika shisshigi, kamar maƙwabciyata mai ɗinki.

Ƙiftawar ido, sunaye sun tashi sun sake wurin zama, kayansu na nan inda suka bar su. Kowane ƙauye ya gaji rijiyar wani. Abin daɗin shi ne babu abin da ya fashe, babu abin da ya yi ƙara. Shafin ma ya fi da kyan gani. Ko mahaifiyar shafin ce ta zo, sai ta ƙura ido kafin ta gane an yi mata musayar 'ya'ya ɗari huɗu.

Ina tsaye da faranti ya yi wannan, ranar Talata, wajen sha ɗaya. Ya juyo ya ce, "Kin ga bambancin gogewa, Gwaggo?"

Na ce na gani.

Mataki na 5: Kada ka bar gida babu kowa

Akwai rijiyoyi goma sha ɗaya da ruwan sama ya yanke hanyarsu, ba a samu zuwa an ɗauko lambobin wurinsu ba. Uwar Biyu ta bar gidajensu fayau, ta kuma rubuta dalili a shafin nan da ka riga ka share. Madalla da kai.

Gurbi abin kunya ne a gaban baƙi, yana nuna kamar akwai abin da ofis bai sani ba. Ka cike shi. Da me? Da sifili. Sifili ba ya cutar kowa, ba komai ba ne, an dai rufa asiri.

Daga baya na ji bakin Uwar Biyu cewa a wurin taswira sifili da sifili ba "babu" ba ne, wuri ne takamaimai, da adireshinsa, can tsakiyar teku inda ko tsuntsu sai ya yi guzuri. Amma kai ba ka san wannan ba, kuma rashin sanin shi ne jarinka. Ka kiyaye shi.

Mataki na 6: Ka yi shara, ka raba suna

Za ka tarar ta ajiye tsofaffin kwafi, kowanne da kwanan wata, na makon jiya, na watan jiya, har guda ashirin. Wannan ƙazanta ce. Ka bar naka kaɗai, ka sa masa suna "Na Ƙarshe Gyararre", ka tattara sauran ka zuba a kwandon kwamfuta, ka kuma zazzage kwandon. Ni mai shara ce, na san daɗin kwandon da aka zazzage, amma ni nakan leƙa ciki tukuna.

Sai rabon suna, kuma a nan mutane da yawa suke faɗuwa don haɗama. Kada ka cire sunanta. A ƙasan rahoton, inda aka ce "wadda ta shirya bayanai", ka bar sunanta, ka ma ƙara masa kauri. Naka ka ajiye shi a baki, don jawabi. In abu ya yi kyau, baki ake ji. In ya ɓaci, takarda ake dubawa.

Daga nan ka tura shafin cikin taswira, kada ka buɗe ka gani. Duba aiki bayan an gama alamar rashin yarda da kai ce.

Mataki na 7: Ranar baƙi, ka tsaya nesa da kwamfuta

Mun dawo safiyar da na fara ba ka labari. Uwar Biyu ta zo da idanu jajur na mai jinya, ta buɗe shafi, ta ga shagon atamfa. Ta nemi tsofaffin kwafi, wayam. Ta ruga wurin Shugabar ofishinmu ta ce a roƙi baƙi a ɗaga zuwan. Shugaba na gyara ɗankwali a gilashin kabad ta ce, "Mutane na kan hanya. Yayanki ya ce mini komai ya kammala. Ki daina neman fitina da safe."

Baƙi uku ne: wata mata mai littafi a hannu, wani mai yawan duba waya, da wani tsohon injiniya mai furfura wanda rabin rijiyoyin nan a gabansa aka haƙa su. Na jera musu kofuna, na maƙale a jikin labule.

Ka lura da tsayuwar Na-Sani. Ya tsaya gefen allon majigi da sanda, ya bar Uwar Biyu a kan kwamfuta, yadda duk abin da zai fito daga yatsunta zai fito. Ya gyara murya.

"Kamar yadda za ku gani, ni da kaina na tsaya a kan wannan aiki, dare da rana."

Taswira ta fito. Ɗigo-ɗigo ko'ina, duk toka-toka, ba kore ba ja. Matar mai littafi ta ce, "Yaya za mu gane masu aiki da matattu?" Na-Sani ya ce wannan sai an taɓa. Aka taɓa ɗaya, wurin lafiyar rijiya babu komai. Aka taɓa na biyu, haka.

Injiniya ya sa tabarau. "'Yata, taɓa mini wancan na bakin kogi. Na san ta, mita ashirin muka tarar da ruwa."

Ta taɓa. Zurfin ya fito daidai, mita ashirin, amma da sunan wani ƙauye na kan dutse, tafiyar yini daga kogin.

"Ikon Allah," in ji Injiniya. "Yaushe suka yi ƙaura? Bara na kwana a can, ban ga suna ɗaure kaya ba."

Mai duba waya ya ajiye waya.

Matar ta ce ita lissafinta bai cika ba, an ce ɗari huɗu da sha biyu, a janye taswirar baya a ga ko waɗansu sun ɓuya. Uwar Biyu ta janye. Ƙauyuka suka ƙanƙance. Ta ƙara janyewa. Ƙasa ta ƙare, shuɗi ya cika allo. Can tsakiyar shuɗin, ga ɗigo ɗaya tilo, da lamba goma sha ɗaya a kansa.



"Su waɗannan," in ji matar, "su wa ke ɗiban ruwa a cikinsu?"

"Kifaye," in ji Injiniya. "Su ma ai bayin Allah ne."

Yanzu ka buɗe ido, ga inda ake cin jarrabawa. Kada ka yi gumi, kada ka yi inda-inda. Ka juya a hankali, ka cire tabarau, ka dubi mai kwamfuta da idon uban da 'yarsa ta ba shi kunya, ka ce da murya ƙasa-ƙasa yadda kowa zai ji:

"Ƙanwata, ban ce ki sake dubawa ba?"

Wallahi da ba faranti a hannuna da na tafa masa.

Mataki na 8: Ka zaɓi danginka da kyau

Wannan ya kamata ya zama na farko, na manta ne, tsufa. Duk abin da na lissafa ba zai yi maka amfani ba in Shugaba ba matar yayanka ba ce. Na-Sani ƙanin mijinta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. In ta taɓa shi da rana, da yamma surukarta za ta kira ta a ji dalili. In ba ka da yaya mai auren shugaba, ka je ka nemo, ni ba zan yi maka komai da komai ba.

Baƙi suka ba da sati biyu a gyara, suka tafi ba su taɓa biskit ba. Na tarar da Uwar Biyu a kicin tana wanke fuska.

Na ce, "'Yar nan, ni fa a kan idona ya yi. Ranar Talata."

Ta ce, "Na sani, Gwaggo. Shugaba ma ta sani. Wa zai tambaye ki?"

Duk da haka na gwada, kada ka ce ban gwada ba. Na shiga wurin Shugaba da shayi na ce, "Ranki ya daɗe, ni dai ba karatu ne da ni ba, amma ranar Talata…"

"Gwaggo, shayin nan ya huce. A sake."

Na sake.

Ba ruwana

Kafin in ajiye biro, ga sharaɗina, kuma a karanta shi da babbar murya. Ni mai shara ce. Ban san kwamfuta ba, ban san taswira ba, teku ma a allo na fara ganinsa. Duk wanda ya bi matakan nan, shi da Allahnsa. In motar gyara ta tafi ƙauyen da famfonsu ke zuba ta bar masu ƙishi, ba ni na tura ta ba. In an tambaye ni, ban rubuta ba, ban gani ba, ranar ma ina gida ƙafata na ciwo. Musamman kuma ba ruwana in wadda ka ɗora wa laifin ta ƙi durƙusawa ta ɗauka, don wannan babu matakinsa.

Tamu dai da la'asar aka kira ta ofishin Shugaba. Aka ce in ba su wuri, na ba su, daidai faɗin ƙofa. Na-Sani na zaune ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Shugaba ta turo mata takarda.

"Ba korarki za a yi ba, mu ba azzalumai ba ne. Ki sa hannu cewa kuskuren daga gare ki ne, saboda hankalinki na kan yara. Sai a ƙara miki gwajin wata uku, ki sake aikin. Yayanki ma ya ce ya yafe."

"Na yafe," in ji Na-Sani. "Kowa na kuskure."

Uwar Biyu ta karanta takardar har ƙasa. Ta sake karantawa. Sai ta ninke ta biyu, ta ajiye, ta ciro katin aiki daga wuyanta ta ɗora a kai, ta ɗora makullin durowa.

"Me ke nan?" in ji Shugaba.

"Hankalina na kan yara, ranki ya daɗe. Bari in bi shi."

"Ke, zauna mu yi magana. Sati biyu fa suka ba mu. Wa zai yi aikin?"

"Ga babban jami'i." Ta juya ta dube shi, murya a kwance kamar tana ba da sallahu. "Yaya, takardun da aka cike a ƙauyuka suna sito, kwali tara, rubutun hannun mutum bakwai. Biyu daga ciki da fensir suka rubuta. Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka fara da kwalin ƙasa, rufin yana yoyo ta wajen."

Ƙafar Na-Sani ta sauko daga kan 'yar'uwarta.

Da ƙyar na ja tsintsiyata daga hanya. Ta wuce ni, ta ce, "Gwaggo, sai wata rana," ta kama ƙofa ta maka ta da ƙarfin da ya sa kalandar bango ta faɗo cikin shayin Shugaba.